Yadda za ka gane ainihin kuɗin gida kafin ka taya ko ka sallama

Duk wanda ya taɓa zama a benci da dillalan gidaje a Kano ya san gida ɗaya kan yi farashi uku a rana ɗaya: akwai wanda mai gida yake mafarki, akwai wanda dillali zai faɗa maka bayan ya ɗora nasa a kai, sai kuma wanda aka ƙirga da gaske aka ce an sallama. Na ukun nan shi kaɗai ne kuɗin gida, sauran duk zance ne, kuma aikinka shi ne ka tono shi.

To fara da maƙwabta. Nemo gida uku ko huɗu da aka sayar a unguwar kwanan nan, cikin wata shida zuwa shekara, kar ka wuce haka domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, farashin bara ba ya aiki bana. Kuma wanda aka SAYAR nake nufi, gidan da ya shekara biyu da rubutun "na sayarwa ne" a jikin bango ana cewa miliyan 40 babu wanda ya taya, wannan ba hujja ba ne. Ina za ka samu labarin? Wajen mai unguwa, tunda yawanci da saninsa ake rubuta takardar ciniki, sai limamin masallacin layin, sai shaidun da suka sa hannu, har mai shayin bakin titi wlh wani lokacin ya fi kowa sani. Dillali kuma ka tambayi aƙalla biyu waɗanda ba bencinsu ɗaya ba, kar ka nuna musu saye za ka yi ko sayarwa, domin la'adarsa galibi kashi 5 cikin 100 ce, kaga duk yadda kuɗi ya hau shi ma ya hau.

In ka samu waɗannan sai ka zauna ka yi ta ragi da ƙari. A ce gidan bayanku an sallama shi miliyan 18, ɗaki uku da falo kamar naka, amma shi yana lungu mota ba ta shiga naka kuma yana bakin layi, to naka ya fi. Shi yana da rijiyar burtsatse kai sai ka sayi ruwan 'yan garuwa, to a nan ka rage. Girman fili kuwa kar ka yarda da "fuloti ɗaya ne", ka zo da tef ka auna da kanka, fuloti na ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, amma a unguwannin awon igiya za ka ga ƙafa 40 da 40 ma ana kiransa fuloti ba kunya.

Hanya ta biyu ita ce ka raba gidan biyu a ranka, fili daban gini daban. Nawa ake sayar da fili fetal a wannan layin yau? Sannan nawa za a kashe a tayar da irin wannan ginin yau, daga fandisho zuwa kwano? Ka ɗauko magini wanda ka yarda da shi ku zagaya tare, shi zai ƙiyasta bulo nawa ya ci, inci 6 ne ko inci 9, siminti buhu nawa, rodi, katako, tayil, wayarin. Sai ka cire kuɗin tsufa, wato duk abin da za ka kashe kafin gidan ya dawo daidai. Abin da ya rage ka haɗa da kuɗin fili. Anan ne masu gida suke shan ɓacin rai, mutum zai ce ai ni na kashe miliyan kaza a silin na POP da fitilu masu launi, toh Alhaji mai saye bai aike ka ba, ƙila ma fasawa zai yi. A tsofaffin unguwanni masu tsada irin Nasarawa GRA ko Bompai sau da yawa filin ake saye, ginin rushe shi za a yi. Shi kuwa wanda ya je ya zuba katafaren bene a ƙarshen gari inda babu titi babu wuta, da wuya ya mayar da abin da ya kashe.

Haya ma ma'auni ce, a taƙaice: in gidan zai kawo miliyan ɗaya a shekara ana kuma neman miliyan 30, shekara 30 kenan kafin kuɗinka ya dawo ban da gyara. Kwatanta da na maƙwabta, in nasu shekara 15 ko 20 ne ka san an tsuga maka.

Yanzu ga inda kuɗi yake ɓuya, takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, abin da kake riƙewa izinin zama ne, na gidan zama yawanci shekara 99, kuma sayar da gida mai satifiket, wato takardar izinin zaman nan da ake kira C of O, sai da amincewar gwamna. Saboda haka gida mai C of O da gida mai takardar mai unguwa kawai ba za su taɓa zama kuɗi ɗaya ba ko da bangonsu a haɗe yake, na farko banki zai karɓe shi jingina, na biyu kuwa sai dai a yi haƙuri. Ka je hukumar da ke ajiye bayanan filaye a bincika maka lambar fayil ɗin gidan, KANGIS in a Kano kake, Kaduna KADGIS, Abuja AGIS, a tabbatar sunan wa ke kai, ba a jinginar da shi ba, babu bashin kuɗin ƙasa. Ka leƙa KNUPDA ma, hukumar tsara birane ta Kano, ka ji ko ginin ya ci hanya ko magudanar ruwa, gidan da aka shafa wa jan fenti na alamar rusau ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani. Gidan gado kuma kar ka biya ko sisi sai ka ga duk magada sun yarda, mata da maza, har wanda yake Saudiyya, in da takardar rabon gado ta kotu ya fi, domin arahar gidan gado wani lokacin shari'ar shekara goma ce ka saya.

Sai lokacin zuwa duba gida. Wani ɗan uwana ya sayi gida a watan Maris, rani tsaf, an yi sabon fenti ruwan madara ga tsakar gida an share ƙal, dillali yana ta rantsuwa ba a taɓa ganin ruwa a layin ba. Watan Agusta na zuwa muka je muka tarar da katifu a kan durom, ruwa har gwiwa a falo, ashe gidan ya fi titi ƙasa da kusan ƙafa biyu kuma kwatar unguwar gaba ɗaya nan take juyowa. Da ya tashi sayarwa da ƙyar ya samu wanda ya taya. In ba za ka iya jiran damina ba to ka duƙa ka kalli gindin bango daga waje, inda ruwa ya saba kwanciya za ka ga filasta ta yi gishiri-gishiri tana ɓarewa, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka buɗe sokawe, ka tambayi yaran layin ina suke bi in an yi ruwa, su ba su san ɓoye-ɓoye ba. Ka kuma dawo da daddare ka ga wuta da yanayin samarin unguwar.

In kuɗin da yawa ne, ko banki ko kotu ke buƙata, to nan kam sai ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa a 1975, shi rahotonsa da hatimi yake zuwa kuma za ka biya shi. Amma don cinikin yau da kullum, ka rubuta abin da hanyoyin nan uku suka ba ka a takarda, za ka ga sun taru a wani tsakani, a ce miliyan 17 zuwa 20. In saye za ka yi ka taya ƙasa da 17 kaɗan ka bar mai gida ya ce albarka ku hau a hankali, in sayarwa ne ka sa sama da 20 kaɗan, kuma ka ware la'ada da kuɗin lauya da na canjin suna tun kafin ka zauna a tabarmar ciniki.