Yadda Ake Karanta Rubutun da Sojoji Suka Bari a Bango Lokacin Yaƙi

Duk wanda ya tsaya gaban bangon da sojoji suka yi wa rubutu, ya fara da binciken halin da suke ciki a ranar da suka rubuta, domin a nan ma'anar take. A ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin garin Arras na Faransa, sojojin Birtaniya sun yi kwanaki suna jiran harin da za su kai wa sojojin Jamus ranar 9 ga Afrilu 1917, a Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka sunan da mutum ya bari a wurin kusan wasiyya ne. A kogon Naours kuwa, kusa da Amiens, sojojin da suka je kallo a lokacin hutu ne suka cika bango da sunaye, kuma 'yan Ostareliya suka fi yawa. Rubutun Reichstag, ginin majalisar dokokin Jamus da ke Berlin, kirarin nasara ne, wanda sojojin Tarayyar Sobiyet suka rubuta da gawayi da alli a shekarar 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga nan sai a kwafe rubutun yadda yake, har da kurakuransa, kada a gyara ko da harafi ɗaya. A lura da suna, lambar soja, bataliya, garin haihuwa da kwanan wata. Lambar ta fi komai amfani, domin da ita ake gano mutumin a takardun aikin soja na Yaƙin Duniya na Farko da ma'ajiyar tarihi ta Ostareliya ta ɗora a intanet, ko a kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel. Wannan mataki ne na fi so mai bincike ya ba lokaci, domin ta haka aka gane cewa wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a Naours a 1916 ba su daɗe ba aka kashe su a fagen daga na Somme.

Kada a taɓa bangon ko a yayyafa masa ruwa, domin yawancin rubutun Naours da fensir aka yi shi a kan dutse mai laushi. A haska fitila daga gefe don zanen da aka sassaƙa ya fito, sannan a ɗauki hoto da ma'auni a kusa.

A rubuta har abin da ba shi da daɗin ji, kamar zagi da barazana, tare da yadda mutanen wurin suke kallonsa a yau. An rufe rubutun Reichstag a gyaran da aka yi wajen shekarun 1960, aka sake gano shi lokacin da mai zanen gine-gine Norman Foster yake sabunta ginin a shekarun 1990. Wasu 'yan majalisa sun nemi a goge yawancinsa, amma majalisar dokokin Jamus ta bar shi a bangon ginin da take zama.