Yadda za ka auna motar haidirojin kafin ka zuba kuɗinka

Dillalin da ke ɗauko motoci daga Kwatano zuwa Maraɗi zai iya jin labarin Toyota Mirai, wadda aka fara sayarwa a Japan a 2014, ko Hyundai Nexo ta 2018, motoci masu aiki da haidirojin, a ce masa irin wannan mota ba ta hayaƙi, ruwa kaɗai take zubarwa. Hakan gaskiya ne, amma shawarata ita ce ka fara bincikenka daga gidan mai kafin ka leƙa cikin motar.

Ka tambayi mai sayarwa inda za ka sha mai. Haidirojin iska ce, kuma ana ɗura ta ne da matsin bar 700, wato kusan ninki 300 na iskar da mai faci yake sa maka a taya. Famfon da ke wannan aiki sai ya sanyaya iskar zuwa digiri 40 ƙasa da sifiri kafin ta shiga tanki, don kada tankin ya ɗauki zafi. Saboda haka ba za ka same ta a kwalba ko jarka a bakin hanyar Ɗan Isa ba, kuma matatar SORAZ ta Damagaram fetur da gazuwal da gas ɗin girki take kawowa kasuwa. Tankunan sabuwar Mirai kilo 5.6 suke ɗauka, wanda da ƙyar zai kai ka Yamai daga Maraɗi, idan kuwa ya ƙare a hanya, sai janwe. Ko a Kalifoniya ta Amurka, inda motocin suke da ɗan yawa, kamfanin Shell ya rufe gidajensa na haidirojin na ƙananan motoci a 2024.

Idan aka ce maka ai ana iya samar da iskar a nan da hasken rana, ka ɗauki biro ka yi lissafi. Raba ruwa domin a sami kilo ɗaya na haidirojin yana cin wajen kilowat-awa 50 zuwa 55 na lantarki, da aƙalla lita 9 na ruwan da aka tace sosai. Daga nan matsewa ta ci nata, injin motar ya ci nasa, har abin da ke isa ga taya ya koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Da batir aka caja da wutar nan, da wajen kashi uku cikin huɗu sun isa. Ga garin da ya san ɗaukewar wuta a watannin zafi, ni dai wannan asara ta fi komai damuna.

Sai maganar gyara. Haidirojin ba ta da wari ko launi, tana sulalewa ta kafar da ido ba ya gani, harshen wutarta kuma da wuya a gan shi da rana. Bakaniken da ya saba gano yoyon fetur da hanci ba zai gane wannan ba sai da na'ura, kuma haɗari ne mai walda ya kusanci tankin. Ka duba ranar ƙarewar wa'adin da ke rubuce a jikin tankin, musamman idan motar ta hannu ce. Ka kuma tambayi inda za ka sami matatar da ke tace iskar waje da motar ke shaƙa, domin sashen da ke mayar da haidirojin wutar lantarkin da ke tafiyar da motar yana ɗauke da filatinam mai tsada, kuma ba ya shiri da ƙurar hunturu.