Yadda Ake Ziyartar Tsohuwar Unguwar Attajirai ta Takayama a Japan

Wanda ya tashi a cikin birnin Katsina, ya ga yadda siminti ya cinye yawancin sorayen iyayenmu har Hasumiyar Gobarau ta zama kamar marainiya, shi ne zai fi kowa sanin darajar Sanmachi. Unguwa ce ta attajirai a garin Takayama da ke yankin Gifu, inda gidajen katako irin na zamanin Edo, wato 1603 zuwa 1868, suke jere har yau, ana kuma ci gaba da ciniki a cikinsu.

Bayan an samu biza daga ofishin jakadancin Japan da ke Abuja, aka kuma isa Japan, hanya mafi sauƙi ita ce a hau jirgin ƙasa daga birnin Nagoya zuwa Takayama, tafiyar kusan awa 2 da rabi. Daga tasha kuwa ƙafa ta wadatar.

A yi sammako, domin kasuwar safe ta bakin kogin Miyagawa tana watsewa da tsakar rana, shagunan unguwar kuma galibi suna rufewa wajen ƙarfe 5 na yamma.

A ganina, inda ya kamata a ɗauki lokaci shi ne gidan Kusakabe, wanda aka sake ginawa a 1879 bayan gobarar 1875. A tuɓe takalmi a ƙofa kamar yadda ake yi a zauren malamai, sannan a ɗaga kai a dubi manyan gumagumai da aka sarƙe suna riƙe da rufin, domin a nan ne gwanintar kafintocin yankin take, waɗanda sunansu ya daɗe da zagaye Japan. Daga nan a wuce Takayama Jinya, ofishin wakilan gwamnatin Edo, wadda ta karɓe ikon yankin a 1692.

Musulmi ya lura da wata alama: babban dunƙulen ganyen itace da ke rataye a bakin ƙofa yana nuna gidan da ake dafa giyar shinkafa ne. Haka kuma a riƙa tambaya kafin a ci abinci, saboda sukan zuba mirin, wani ruwan ƙara ɗanɗano mai ɗauke da giya, a cikin miya. A tafi da darduma a jaka.

Mai son ganin bikin garin, wanda ake yi ranakun 14 da 15 ga Afrilu da kuma 9 da 10 ga Oktoba, sai ya kama masauki tun saura watanni.