Yadda Ake Koya wa Uwa Kula da Jaririn da Aka Yi wa Kolostomi

Jaririn da aka haifa babu dubura, ko wanda ƙarshen hanjinsa ba ya iya tura kashi saboda cutar Hirschsprung, likitoci kan fito masa da bakin babban hanji ta fatar ciki don kashi ya samu hanya. Shi ake kira kolostomi. A jarirai galibi na ɗan lokaci ne, ana rufewa bayan babban aikin gyara. Sai dai watannin da ke tsakani a gida za a yi su. Don haka, ke ma'aikaciyar jinya, kada a sallami uwa sai ta yi komai da hannunta a gabanki.

Da farko, ta saba da ganin wurin. Uwaye da dama kau da kai suke yi ranar farko. Kada ki matsa mata. Ki ce, "Maman jariri, duba ki gani, ja ne da danshi kamar cikin baki, haka lafiyayye yake." Taɓawa ba ta yi masa zafi, ɗan jini a jikin auduga wajen gogewa ma ba abin tsoro ba ne. In ƙofa biyu aka yi, ta san wadda ke fitar da kashi da wadda ke fitar da majina kawai.

Sai wankewa. Ta wanke hannu da sabulu, ta goge kewayen da auduga da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, ta bari fatar ta bushe sarai.

Sannan jaka, wadda ake mannawa a kan ƙofar don ta tara kashi. Ki sa ta auna ƙofar, ta yanka ramin jakar ya ɗara ta da kamar milimita 2. In ya yi faɗi, kashi zai zauna a kan fata ya cinye ta. In ya matse, zai yanki hanjin. Ta riƙa sake awo, domin kumburin yana saɓewa cikin makonni 6 zuwa 8 na farko. Bayan ta manna, ta dafa da tafin hannu na minti ɗaya, ɗumin yana sa ta kama. A zubar in ta kai kashi ɗaya cikin uku, a canza da zarar ta fara yoyo. Kada a shafa mai ko hoda a inda za a manna.

Nan ne nake ganin ake yawan yin sake. Jakar jarirai tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba, sai a koya wa uwa jaka kaɗai, ta koma ƙauye ta ƙare mata cikin mako guda. Ki koya mata hanya ta biyu: ta shafa man zinc oxide ko basilin da kauri a fatar kewayen, ta rufe da tsumman auduga mai laushi ko kunzugu, ta canza duk lokacin da ya ɓaci. A wanke tsumman, a shanya a rana. Toka, garin magani da gasa wurin da ruwan zafi kuwa, a kai su nesa. Ki faɗi wannan a gaban kaka, don ita ce mai wankan jariri a gidaje da yawa.

Nono ta ci gaba da ba shi, wanka ma babu laifi. Za ta tambaye ki goyo: ta zubar da kashin da ke cikin jakar tukuna, kuma kada ta ɗaure zani tamau, tunda cikinsa ne ke manne da bayanta.

A ƙarshe, alamomin komawa asibiti nan take: ƙofar ta yi duhu ko baƙi, hanjin ya zazzago ya yi tsawo ko ya shige ciki, jini ya ƙi tsayawa, kashi ya tsaya ciki ya kumbura, amai kore, zazzaɓi, ko gudawa har maɗiga ta faɗa. Kada ki tambaye ta "Kin gane?", domin kunya za ta sa ta ce e. Ki ce ta lissafo miki su da bakinta, sannan ki rubuta mata ranar dawowa ganin likita a katinta.