Kurakuran da muke tafkawa wajen dashen bishiya a cikin gari

Duk shekara abu ɗaya ne, a fito da manyan riguna a dasa bishiyoyi gefen titi a ɗau hoto a watse, ka koma wajen a watan Maris ba ko ɗaya sai ramuka da leda. Dasawa kam mun iya, rainon ne ba mai yi.

Lokacin ma kuskure ne. Sai damina ta zo bankwana a Satumba sannan a tuna da dashe, to yaushe saiwa za ta kama ƙasa kafin hunturu? A Kano ko Katsina ka dasa a Yuli, ƙasa ta jiƙe ga ruwan Agusta na tafe. Kuma don Allah a yage baƙar ledar nan kafin a sa a rami, wallahi na ga inda aka binne da ita, saiwar ta yi ta nannaɗewa a ciki har ta mutu.

Sai akuya. In ba ka kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo ba to abincin dare ka kai mata. Kowace bishiya a damƙa ta hannun mutum ɗaya, mai shayi ko mai shago ko ladanin masallacin unguwa, ya riƙa zuba mata ruwa da rani ko na alwala ne, shekara biyun farko.

Wani abin da ke ban haushi, komai darbejiya da turare. Darbejiya daga Indiya ta zo, tana da inuwa ba musu, amma ina tsamiya ina kanya ina marke da gawo? Turare kuwa shan ruwa gare shi, kar ka kai shi kusa da rijiya.

Kututture ma da muke tonewa mu ce muna share fili asara ce babba. A Maraɗi tun wajajen 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoma suka lura tohon da ke fitowa jikin kututture bishiya ce mai tsohuwar saiwa, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a sassabe sauran. Da haka Nijar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5. In akwai irin wannan a maƙabarta ko filin makaranta ku bar shi, ya fi sabon dashe jure fari nesa ba kusa ba.

Kududdufan cikin birnin Kano kuma, waɗanda aka haƙa don ƙasar gini tun kaka da kakanni, su ke shanye ruwan sama. Mu kuma mu cike su da bola mu yanka filoti, Agusta na zuwa ruwa ya rasa wajen zuwa ya shigo ɗaki. Wanda ya rage a unguwarku ku yashe shi, ku hana zuba shara, ku dasa bagaruwa a bakinsa ta riƙe ƙasar.