Yadda za ka gwada bincikenka a kwamfuta kafin ka raba wa ɗalibi ko ɗaya takarda

"Wai ɗalibai nawa zan ɗauka?" Duk wanda ya taɓa yin furojet a fannin ilimi ko nazarin halayyar ɗan Adam ya yi wannan tambayar, kuma amsar da aka fi ba shi ita ce ɗauki talatin-talatin, wato talatin a kowane ɓangare, haka kowa yake yi. To ni dai na raba gari da wannan talatin ɗin tun ranar da na sa kwamfuta ta maimaita min bincikena sau dubu goma na ga abin da ya fito, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don a lokacin na riga na gama tattara data, bakin alƙalami ya bushe.

Dabarar sunanta Monte Carlo. A taƙaice ka ƙirƙiri ɗaliban bogi waɗanda kai ka san gaskiyar lamarinsu tun farko tunda kai ka ƙirƙire su, sai ka yi musu irin lissafin da kake niyyar yi wa na gaske, ka maimaita sau dubbai, ka ga sau nawa lissafin ya kamo gaskiyar sau nawa ya kauce. Stanislaw Ulam ne ya fara tunaninta a 1946 yana jinya yana buga karta shi kaɗai, ya so ya lissafa yiwuwar cin wasan lissafi ya gagara, sai ya ce ai gara a buga sau ɗari a ƙirga. Shi da John von Neumann suka ɗora ta a kan kwamfuta don aikin cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, Nicholas Metropolis kuma ya raɗa mata sunan gidan cacar nan na Monako. Amma fa tun 1908 William Gosset, mai gwajin t ɗin nan da kowa yake amfani da shi wajen kwatanta abarejin ɓangarori biyu, ya yi makamancin haka da hannu, ya rubuta awon mutum 3,000 a kan ƙananan kwalaye ya cakuɗa ya riƙa ɗiban huɗu-huɗu. Kai da kake da laftof ba ka da uzuri.

Ka sauke R, manhajar lissafin data, kyauta ce. Excel ma zai iya da =NORM.INV(RAND(),50,10) amma maimaitawa sau dubu goma a Excel azaba ce, kar ka wahalar da kanka.

Abu na farko, kuma shi ne mai wuyar, ba kod ba ne. Ka zauna ka yanke shawarar yadda duniyarka ta bogi take. Mu ce kana son gwada sabuwar hanyar koyar da lissafi. Masu tsohuwar hanya abarejinsu 50, warwatsuwar makinsu wato SD 10. Sabuwar hanyar kana sa ran za ta ƙara maki nawa? Nan mutane suke yaudarar kansu, mutum ya ce 15 saboda yana son hanyarsa. Ka duba binciken da aka yi a baya ka ɗauki abin da hankali zai ɗauka. Mu sa 5, rabin SD ke nan, abin da Jacob Cohen ya kira matsakaicin tasiri, 0.5. Kuma ko shi ɗin ma a binciken aji ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa abin da ake samu bai kai haka ba.

Sai ka rubuta:

set.seed(123)
a <- rnorm(30, 50, 10)
b <- rnorm(30, 55, 10)
t.test(a, b)$p.value

Layin farko kar ka yi wasa da shi, shi ne zai sa in supabaiza ya ce maimaita a gabana lambobin su fito daidai yadda suka fito jiya. Na biyu da na uku su ne ɗalibanka na bogi, talatin nan talatin can. Na ƙarshe ya ba ka p, lambar da in ta gaza 0.05 ake cewa gwajin ya nuna akwai bambanci. Yanzu ka bar layin farko, ka sake gudanar da ukun nan sau biyar ko shida da hannunka kana kallo. Za ka ga p tana tsalle, yanzu 0.01, anjima 0.30, can kuma 0.07, alhali duniyar ba ta canja ba, bambancin maki 5 yana nan daram. Wannan kallon kaɗai ya fi min lakcar semesta guda amfani.

Daga nan sai ka zuba layukan ukun cikin replicate ka ce ta maimaita sau 10,000, ka ajiye duk p ɗin, ka ƙirga nawa ne suka gaza 0.05. Abin da za ka samu wajen kashi 48 cikin 100 ne, wannan kason shi ake kira ƙarfin bincike. Ma'ana ko da hanyarka tana aiki da gaske, da talatin-talatin ɗin nan bincikenka canki-canka ne, kamar ka jefa kwabo sama. Ka canja 30 zuwa 40, zuwa 50, ka yi ta hawa, sai ka kai wajen 64 a kowane ɓangare kafin ka taɓa kashi 80 da aka saba nema.

Wani zai ce ai G*Power, manhajar lissafa yawan mutanen da za a ɗauka, za ta ba ni 64 ɗin nan cikin minti ɗaya. Gaskiya ne, kuma ma ka yi amfani da ita ka tabbatar kod ɗinka ba shi da kuskure, in amsoshin biyu suka yi hannun riga to akwai matsala a wajenka. Amfanin kwaikwayon yana fitowa ne inda fomula ta tsaya, kuma a fanninmu da wuri take tsayawa.

Ga inda na fi so ka nutsu. Ɗalibai ba ɗaiɗaiku ake tsinto su ba, a aji suke zuwa, malaminsu ɗaya, allonsu ɗaya, in malamin ya yi sati biyu bai shigo ba dukkansu abin ya shafa. Don haka 'yan aji ɗaya sun fi kama da juna. Sa wannan a duniyarka. Aji biyar a kowane ɓangare, kowane aji mutum 30, jimla 300. Ka fara ciro wa kowane aji lambarsa guda da rnorm(5, 0, 4.5), ka ƙara ta a kan makin duk ɗan ajin, su kuma ɗaliban ka rage SD ɗinsu zuwa 8.9, ta haka kashi 20 cikin 100 na bambancin maki daga aji yake zuwa. Yanzu ka mayar da abarejin ɓangarorin biyu 50 da 50, wato babu wani tasiri ko na ƙwayar zarra, ka yi gwajin t a kan ɗalibai 300 ɗin kamar ba ruwansu da juna. Kamata ya yi gwajin ya yi maka ƙaryar "akwai bambanci" sau 5 cikin 100 kawai. Abin da za ka gani ya haura 40 cikin 100. Ka sake karanta wannan lambar. Mutum zai rubuta babi na biyar yana murna ya gano sabuwar hanya, ashe dai ajin malami mai ƙwazo ne ya faɗo ɓangarensa.

Dalilin a lissafe yake, 1 + 29 × 0.2 ya ba ka 6.8, ka raba 300 da 6.8, ɗalibanka ɗari uku nauyin mutum 44 ne kacal. Gyaran kuma a cikin kwaikwayon za ka gwada shi, ka ɗauki abarejin kowane aji ka yi gwajin a kan lambobi goman nan, ko ka yi amfani da lme4, ƙarin kayan aiki na R mai lura da tasirin aji, in ka iya. Ƙaryar za ta sauko kusa da kashi 5. Sai dai in ka mayar da bambancin maki 5 ɗin ka auna ƙarfin binciken za ka tarar wajen kashi 30 ne, bai ma kai na mutum sittin ɗin farko ba. Ƙara ɗalibai a cikin ajin ba zai tsinana komai ba, gwada 60 a aji ka gani da idonka, azuzuwa ne za ka ƙara.

Haka za ka yi da sauran halayen data ɗinka. In tambayoyinka na zaɓi biyar ne, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda sosai", ka yanka lambobin su koma 1 zuwa 5. In jarabawar mai sauƙi ce rabin aji suna cin kusan 100, ka toshe makin a 100. In ka san wasu za su tsere kafin gwaji na biyu, kuma yawanci masu raunin ne suke tserewa, ka goge nasu a kod ɗin ka ga ina sakamakon zai karkata.

Maganar sau nawa za a maimaita, ita ma amsar kwaikwayon tana ɗan rawa. In gaskiyar 0.05 ce ka maimaita sau 1,000, komai tsakanin 0.036 da 0.064 zai iya fitowa, don haka kar ka ga 0.058 ka fara ihu wai gwajin ya lalace. Da 10,000 rawar ta ragu fiye da ninki uku. Ni ina fara wa da 200 har in tabbatar kod ɗin yana tafiya, sannan in ɗaga.

In kuma ka riga ka tattara data irina, akwai ƙanwar wannan dabarar, bootstrap, wadda Bradley Efron ya fito da ita a 1979. Maimakon ɗaliban bogi sai ka riƙa ɗiba daga naka na gaske kana mayarwa, da sample a R, mutum ɗaya zai iya fitowa sau biyu wani bai fito ba ko sau ɗaya, kowane zagaye ka lissafa abin da kake so, ko da alfa ɗin Cronbach ne mai auna daidaituwar tambayoyinka, bayan zagaye 2,000 ka jera amsoshin ka yanke kashi 2.5 ta sama da ta ƙasa, abin da ya rage shi ne tazarar da ake sa ran amsar gaskiya tana ciki. In data ɗin a aji-aji ta zo, to azuzuwan za ka riƙa ɗiba ɗungurungum ba ɗalibai ba.

A babi na uku ka rubuta lambobin da ka zuba, inda ka samo su, sau nawa ka maimaita da lambar set.seed ɗinka, kod ɗin kuma ka liƙa shi a ƙarshen furojet ɗin, bai fi rabin shafi ba.