Babi na Tara: Neman Mahaɗar Tsayi a Alwatika

Darasi na 1: Zana alwatikar

Kowa ya ɗauko littafin lissafi mai gida-gida, da fensir, da rula, da magogi. Kada a yi aikin nan da biro, domin za a sha goge-goge. Wanda ba shi da littafin ya nema wurin masu sayar da kayan makaranta a Babbar Kasuwar Sakkwato, ba shi da tsada.

A ja layi a kwance a ƙasan shafi, sunansa x. A ja wani a tsaye a gefen hagu, sunansa y. Inda suka haɗu a rubuta 0. Kowane ɗigo yana da lambobi biyu a cikin baka: ta farko gidajen da za ka tafi dama, ta biyu gidajen da za ka hau sama. Wani Bafaranshe, René Descartes, shi ya fito da wannan tsari a rubuce a 1637. Da yawanmu da allo muka fara karatu, ido ya saba farawa daga dama, to a nan daga hagu ake karantawa. Idan ka ga (1, 2), gida 1 dama, sannan gida 2 sama.

A sa ɗigo uku: A (1, 2), B (7, 4), C (3, 8). A haɗa su da rula. Ga alwatika ta fito.

Darasi na 2: Mene ne tsayi?

Tsayi shi ne layin da ya taso daga kusurwa ɗaya ya sauka cak a kan gefen da ke fuskantarta (ko a kan layin gefen idan an tsawaita shi), ya yi digiri 90, kamar yadda magini ke ɗora sikwaya a jikin gini. Kusurwa uku, tsayi uku, kuma duk ukun a ɗigo ɗaya suke haɗuwa. Wannan ɗigon shi ne mahaɗar tsayi. Tsayi biyu sun ishe mu gano shi, na ukun na duba aiki ne.

Darasi na 3: Gangara

Gangara ita ce yadda layi ke hawa ko sauka. A debe y daga y a rubuta a sama, a debe x daga x a rubuta a ƙasa. Ɗigon da ka fara da shi a sama, da shi za ka fara a ƙasa.

Gefen AB: a sama 4 − 2 = 2, a ƙasa 7 − 1 = 6. Gangara 2/6, wato 1/3, ɗaya bisa uku.
Gefen BC: a sama 8 − 4 = 4, a ƙasa 3 − 7 = −4. Gangara −1.

Darasi na 4: A juya, a sauya

'Yan uwa, a nan ne ake faɗuwa, saboda haka za mu daɗe a nan. Gangarar da muka samu ta gefe ce. Mu kuwa ta tsayi muke nema. Aiki biyu ake yi mata, ba ɗaya ba. Na farko, a juya ta: lambar sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma sama. Na biyu, a sauya alama: wadda ba ta da alamar debewa a sa mata, wadda ke da ita a cire.

Gangarar AB 1/3 ce. A juya: 3/1, wato 3. A sauya: −3. Tsayin da ya sauka kan AB gangararsa −3.

Mu sake gwadawa. 2/5, a juya 5/2, a sauya −5/2. Ga wata: −3/4, a juya −4/3, a sauya 4/3. Kun gani? Alamar debewa ta tafi. To idan lambar ba ta da ta ƙasa fa, kamar 4? A sa mata 1 a ƙasa, 4/1, a juya 1/4, a sauya −1/4. Ba wuya, sai dai mantuwa. Wanda ya kasa a karon farko kada ya ji kunya, hannun da ya iya lissafin mudu da tiya zai iya wannan.

Amma fa akwai masu juyawa su ajiye fensir. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai na juya ta, mi ya rage?" Baba, rabi ya rage. Wasu kuma alamar kawai suke sauyawa su bar lambar yadda take. Duka biyun kuskure ne. A faɗa da baki kafin a rubuta: a juya, a sauya.

Yanzu gangarar BC, −1. Ita ce −1/1. A juya, tana nan −1, ba ta motsa ba, kuma wannan ne ke yaudarar mutane su ɗauka an gama. A sauya: 1. Tsayin da ya sauka kan BC gangararsa 1.

Ga yadda za ka kama kanka: ka ninka gangarar gefe da ta tsayi, dole su ba da −1. Duba, 1/3 × −3 = −1. Idan ba −1 ka samu ba, ɗaya daga cikin aikin biyu ka tsallake. Wannan dubawar ba ta cin minti ɗaya, amma sai a ce zafi ya yi yawa, ana saurin tafiya gida. Wallahi zafin Sakkwato ba shi ke goge alamar debewa ba, gaggawa ce. A juya, a sauya, a ninka a duba.

Darasi na 5: Haɗa layukan

Ƙa'idar rubuta layin tsayi ita ce: y − (y na kusurwa) = gangara × (x − x na kusurwa). Kusurwar da ke fuskantar gefen ake ɗauka. Gefen AB, kusurwa C. Gefen BC, kusurwa A. Harafin da ba ya cikin sunan gefen, shi ne.

Tsayi daga C (3, 8), gangara −3: y − 8 = −3(x − 3). A buɗe baka, −3 sau −3 ya ba da 9, ba −9 ba. Sai y − 8 = −3x + 9. A ƙara 8 a kowane ɓangare: y = −3x + 17.

Tsayi daga A (1, 2), gangara 1: y − 2 = x − 1, saboda haka y = x + 1.

A inda suka haɗu y ɗinsu ɗaya ne: x + 1 = −3x + 17. A ƙara 3x a ɓangarorin biyu, a debe 1: 4x = 16, x = 4. Sai y = 4 + 1 = 5. Mahaɗar tsayi tana (4, 5). A sa ɗigon a takarda, a ciki zai faɗo. Madalla.

Mai son tabbatarwa ya yi da gefen AC. Gangararsa 3, a juya a sauya −1/3. Daga B (7, 4) zuwa (4, 5) ma −1/3 ce.

Darasi na 6: Gefe a kwance

Gangararsa 0 ce, kuma ba a juya sifili. Tsayin a miƙe yake sama, a rubuta x = (x na kusurwar da ke fuskantar gefen) kawai.

Darasi na 7

Idan alwatika tana da kusurwa mai digiri 90, mahaɗar tana kan wannan kusurwar. Idan wata kusurwa ta haura 90, mahaɗar tana wajen alwatikar. Ba kuskure ba ne.

Aikin gida: A (0, 0), B (6, 0), C (2, 4). Amsa (2, 2). A nuna aiki, ba amsa kaɗai ba.